Tabarau Biyu Masu Kama Ɗaya

Auta yarinya ce da ba ta iya tafiya ba, sai gudu. In an aike ta ɗebo ruwa, da gudu za ta je, da gudu za ta dawo, rabin ruwan a ƙasa. Kaka takan bi ta da kallo ta ce, "Wannan yarinya ko barci da gaggawa take yin sa."

'Yar aji biyar ce. Babanta direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. Mama kuwa tela ce. Keken ɗinkinta yana falo, dab da taga. Baƙi ne, tsoho, amma ƙaransa kaɗai ya isa ya gaya maka ana kula da shi.

Auta tana son keken nan kamar me. Mama ta yi mata alkawari: "In an yi hutu, zan ɗora ki a kansa." Tun daga ranar Auta take ƙirga kwanaki.

Wata Talata ta dawo daga makaranta, da gudu kamar kullum. Ta yar da jaka a bakin ƙofa. Ta faɗa kan kujerar Mama ba tare da ta duba ba.

Sai ta ji ƙas a ƙarƙashinta.

Ta miƙe a hankali. Tabarau ɗin Mama ne. Gilashi ɗaya ya tsage gida biyu, hannu ɗaya ya karye. Sau uku Mama tana ce mata ta daina faɗawa kan kujerar nan kamar buhu.

Mama tana bayan gida tana shanya. Kaka tana ɗaki tana gyangyaɗi. Ba wanda ya gani.

Nan take wata dabara ta faɗo wa Auta. Shekaru biyu da suka wuce, Baba ya kai Mama da Kaka aka yi musu tabarau rana ɗaya. Dukansu suka zaɓi iri ɗaya, baƙaƙe masu kauri. Daga baya aka yi wa Kaka sabo. Tsohon yana cikin gwangwanin maɓallai, ba mai taɓa shi.

Auta ta lallaɓa ta ɗauko shi. Ta goge shi da gefen rigarta. Ta ajiye a kan kujera. Karyayyen kuma ta naɗe shi a takarda, ta cusa a ƙaramin aljihun jakarta.

"Ai tabarau tabarau ne," ta ce a ranta.

Mama ta shigo, ta ɗauki tabarau daga kan kujera, ta zauna. Ta saka shi, ta ɗauki zare. Sai ta ƙifta ido. Ta cire, ta goge, ta mayar.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yau kuma kafar allurar nan ɓuya take mini."

Ta sunkuya. Ta ƙara sunkuyawa, har hancinta ya kusa taɓa yadin.

"Yauwa, ga ta nan. Tsufa ne ya fara sallama ke nan."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. A ganinta magana ta ƙare.

Mako guda ya wuce. Mama ta fara ɗinki da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana murza bayan wuyanta. A mako na biyu ciwon ya sauko kafaɗar dama. In aka kira ta daga baya, ba ta iya waiwayawa. Sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, a hankali.

"Mama, mene ne?" Auta ta tambaya.

"Wuyana ne ya ƙage. Zai sake."

Amma bai sake ba.

Ranar Asabar Gwaggo ta zo, yayar Baba. Gwaggo mace ce mai kirki, sai dai ba ciwon da ba ta san maganinsa ba. Tun daga ƙofa ta fara.

"Matashin kai ne. Sauya shi."

Aka sauya matashi. Ciwo yana nan.

"To, sanyi ne ya kama jijiya. Ga man zafi."

Aka shafa man zafi safe da yamma. Gidan duk ya ɗauki warinsa. Kaka ta yi ta atishawa tana cewa, "Ita ke ciwo, ni ke shan magani ta hanci."

Daga nan Gwaggo ta kawo ƙwayoyi daga kemis. In Mama ta sha, sai ciwon ya lafa da safe. Kafin la'asar ya dawo da ƙarfinsa.

"Saura abu ɗaya," in ji Gwaggo. "Akwai wani mutum a bayan kasuwa. Kama kanki kawai zai yi ya murɗa, ki ji ƙarau, shi ke nan."

Mama ta dafe wuyanta. "A'a, Yaya. Wuya ɗaya gare ni. In ya murɗe shi ba daidai ba, ina zan samo wani?"

Auta tana jin su. Tana tausayin Mama ƙwarai. Ita ce ma mai miƙo ruwan shan magani. Amma ko sau ɗaya ba ta kawo tabarau a ranta ba. Me ya haɗa ido da wuya?

Ranar Laraba da yamma, Mama ta tsaya tsakiyar ɗinki. Ta daɗe tana kallon keken. Sai ta ce wa Kaka, "Na lura da wani abu. Ranar da ban yi ɗinki ba, ciwon yakan yi sauƙi. Da na zauna a nan, sai ya taso."

"To ai kin gano shi," in ji Gwaggo, wadda ta zo duba ta. "Keken nan ne yake cin ki. Rabu da shi tun kina da sauran wuya."

Auta ta jira Mama ta yi dariya. Mama ba ta yi ba.

"Na riga na yi magana da mai gyaran kekunan ɗinki," in ji ta a hankali. "Gobe bayan azahar zai zo ya ɗauka."

Cokalin da ke hannun Auta ya faɗi.

"Mama, keken? A sayar?"

"Ya zan yi, Auta? Shekara goma sha biyar muna tare da shi. Amma jikina ya ƙi."

Mama ta ɗauko tsohon zane ta lulluɓe keken. Ta juya fuskarta wajen taga. Auta ba ta taɓa ganin idon Mama ya cika da hawaye ba sai ranar.

Washegari a makaranta jikin Auta ne kawai a aji. Darasin kimiyya ake yi. Malama ta shigo da ƙaramin akwati cike da gilasan ƙara girman rubutu. Ta raba wa kowane benci guda biyu, ɗaya siriri, ɗaya mai kauri.

"Ku fara da siririn," in ji Malama. "Ku karanta layin farko."

Suka karanta suna zaune daidai.

"Yanzu ku ɗauki mai kaurin. Ku sa shi dab da ido."

Auta ta sa. Rubutun ya dushe. Ta sunkuya, bai fito ba. Ta ƙara sunkuyawa, har hancinta ya kusa taɓa littafin. Sai rubutun ya fito sarai.

Ta ɗago ta duba ajin. Kowa ya duƙa, hanci a kan takarda. Ta san wannan zaman. Kullum tana ganinsa a falonsu.

Doguwa, wadda suke benci ɗaya, ta ɗaga hannu. "Malama, wuyana ya gaji."

'Yan aji suka yi dariya. Auta ba ta yi ba.

"Dole ya gaji," in ji Malama. "Gilashi mai ƙarfi yana sa ka kawo abu kusa kafin ka gan shi. Shi ya sa ba a aron tabarau. Kowa da awon idonsa. Biyu za su yi kama a waje, amma gilasansu daban."

Auta ta ɗaga hannu.

"Malama, in mutum ya sa tabarau ɗin da ya fi ƙarfin idonsa, ya yi ta aiki da shi fa?"

"Na minti nawa?"

"Na kwana ashirin da uku."

Malama ta ajiye alli. Ta dubi Auta da kyau. Ta jira har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

"Zo nan," in ji ta, bayan kowa ya fita. "Waye yake sanye da tabarau ɗin da ba nasa ba?"

Auta ta buɗe ƙaramin aljihun jakarta. Ta warware takardar. Ta ba da labarin duka, tana yi tana share hanci.

Malama ta riƙe haɓa. "Kwana ashirin da uku kina yawo da wannan a jaka?"

"Ban san zai sa mata ciwo ba, Malama. Wallahi ban sani ba."

"Na yarda ba ki sani ba. Amma yanzu kin sani. Ni ba likita ba ce, ba zan ce tabbas shi ne ba. Sai dai ana ta neman dalilin ciwon nan, ke kuma kina riƙe da abin da ba wanda ya sani."

"Za ta yi fushi da ni."

"Za ta yi. Wanne ya fi miki, fushinta ko ciwonta?"

Auta ta dubi karyayyen tabarau. Sai ta tuna. Bayan azahar. Mai gyaran kekuna.

Ta fizgi jakarta. Ranar dai gudunta ya yi amfani.

Da ta iso, ƙofar falo a buɗe take. Mai gyaran kekuna yana durƙushe. Ya riga ya cire bel ɗin keken, yana ɗaure kan da igiya. Gwaggo tana tsaye tana nuna masa yadda zai ɗaure. Mama tana zaune gefe, tabarau a fuskarta, hannu a wuya.

"Kada a ɗauka," in ji Auta tana haki. "Don Allah, Baba mai gyara, kada ka ɗauka."

"Ke, wace irin rashin kunya ce wannan?" in ji Gwaggo. "Manya suna magana."

Auta ta wuce ta durƙusa gaban Mama. Ta ɗora mata takardar a cinya, ta buɗe.

Mama ta dubi karyayyen tabarau. Ta kai hannu ta taɓa wanda ke fuskarta. Ta sake duban na cinyarta.

"Wannan na waye?"

"Naki ne, Mama. Ni na zauna a kai. Na ji tsoro, sai na ɗauko tsohon na Kaka na ajiye miki."

Mai gyara ya tsaya da igiya a hannu. Gwaggo ta buɗe baki, amma yau magana ta ƙi fitowa.

Kaka ce ta fara motsi. "Miƙo shi nan."

Mama ta cire ta ba ta. Kaka ta juya hannun tabarau ɗin, ta shafa ƙarshensa da yatsa.

"Nawa ne. Ga shaidar haƙorina nan, inda nake taunawa in ina tunani." Ta dubi Mama. "Yarinya, ashe da idon tsohuwa kike ɗinki mako uku."

"Malama ta ce gilashi mai ƙarfi yana sa mutum ya duƙa," in ji Auta. "Yau muka gwada a aji. Cikin minti biyar wuyan Doguwa ya gaji."

Mama ta yi ta juya karyayyen tabarau a hannunta. Auta ta so a ce tsawa aka yi mata. Da ya fi sauƙi.

"Auta," in ji Mama daga ƙarshe, muryarta ƙasa ƙasa. "Ke kike miƙo mini ruwa ina haɗiyar ƙwayoyi. Kina ji ina cewa idona ya tsufa. Kika yi shiru."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Tabarau abin karyewa ne. Da kin faɗa mini ranar, faɗan minti biyu zan yi miki, a yi wani. Dubi inda shirunki ya kusa kai mu."

Ta nuna keken da ke ɗaure da igiya. Auta ta duba, sai kuka ya ƙwace mata.

Mai gyara ya yi gyaran murya. Ya fara kwance igiyar da kansa.

"Hajiya, ni dai ban ga laifin keken nan ba," in ji shi. "Bari in mayar masa da bel ɗinsa."

Gwaggo ta samu bakinta. "To shi ke nan, an gano. A yar da na tsohuwa, a sayo wani a bakin titi."

"A'a, Yaya," in ji Mama. "Na gaji da kame-kame. Mun ce matashi ne, mun ce sanyi ne, mun ce keke ne. Gobe asibiti za ni, a duba ni sosai. Ke kuma, Auta, tare za mu. Da bakinki za ki yi wa likita bayani."

Haka aka yi. Likitar mace ce mai fara'a. Ta saurari Auta har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Ta ɗaga gilasan biyu ta duba su a hasken taga, ta girgiza kai.

Amma ba ta tsaya nan ba. Ta juya ga Mama.

"Kin faɗi ko kin buge kwanan nan?"

"A'a."

"Zazzaɓi fa? Ko yatsunki suna yin sanyi, ko abu yana suɓuce miki daga hannu?"

"Babu ko ɗaya."

Likita ta ce Mama ta matse mata yatsu da ƙarfi. Ta sa ta ɗaga hannuwa sama. Ta danna bayan wuya da saman kafaɗa a hankali. Mama ta ce, "Wash, nan ne."

"Yanzu nuna mini yadda kike zama in kina ɗinki."

Mama ta duƙa, ta miƙa wuya gaba. Auta ta kau da kai don kunya.

"Kin gani," in ji likita. "Kai yana da nauyi. In ya yi gaba haka, naman wuya da na kafaɗa ne suke riƙe shi yini guda. Sun gaji ne, suka ɗaure. Ban ga alamar wani abu a ƙashi ko jijiya ba."

"Ba sai an yi mini allura ba? Ko hoto?"

"A yanzu ba buƙata. Ƙwayoyin nan ma ki dakata da su haka. Kuma kada ki bari kowa ya murɗa miki wuya."

"Ai na faɗa," in ji Mama.

Likita ta rubuta takarda zuwa ɗakin awon ido. Ta ce a riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi safe da yamma. Ta koya wa Mama yadda za ta riƙa juya kai dama da hagu a hankali, da ɗaga kafaɗu tana saukewa. Ta ce duk rabin awa ta tashi daga kan keke ta miƙe.

"In mako biyu ya wuce ba sauƙi, ko kika ji hannu ya fara mutuwa, ki dawo da wuri."

Sai ta dubi Auta. "Ke kuma, kin yi kuskure, kin kuma gyara. Da ba ki yi magana ba, da mun daɗe muna lalube. Ciwo ba ya jin magani sai an san abin da ya kawo shi."

A hanyar gida Mama ta yanke hukunci. "Ke ce mai ɗumama tawul. Ke ce mai duba agogo. Kuma ba za ki hau keken nan ba sai ranar da wuyana ya warke, ko da hutu ya zo ya wuce."

"To, Mama."

Auta ta riƙe aikinta. Safe da yamma tana kawo tawul, a hankali, ba ta zubar da ko ɗigo. In ta dawo makaranta, duk rabin awa sai ta ce, "Mama, lokaci ya yi." Ko Mama tana tsakiyar ɗinki, sai ta tashi.

"An samu sabuwar likita a gidan nan," in ji Kaka. "Ba ta da allura, sai baki."

Sabon tabarau ya iso, mai ruwan ƙasa. Ranar farko da Mama ta saka shi, ta zura zare a allura tana zaune daidai, bugu ɗaya. Ta yi dariya. "Ashe tsufan bai iso ba tukuna."

Aka yi hutu. Kwana huɗu suka wuce, Auta ba ta ce uffan a kan alkawari ba. A rana ta biyar ta fito daga kicin, ta tsaya bayan Mama.

"Mama, in kawo tawul?"

Mama ta waiwayo. Wuyanta kawai ta juya, jikinta bai motsa ba.

Auta ta tsaya cak. "Mama, kin waiwaya."

"Na waiwaya." Mama ta tashi daga kujera, ta ɗauko ƙyallaye biyu, ja da shuɗi. "Zo. Ɗinkinki na farko gidan tabarau ne. Ja nawa, shuɗi na Kaka. Kada a sake haɗa su."

Auta ta matso. Mama ta dafa kafaɗarta.

"Me kika koya?"

"In na yi ɓarna, in faɗa da wuri. Ɓoyewa tana ƙara ta ne. Kuma in ciwo ya zo, a nemi dalilinsa wurin likita kafin a nemi magani."

"Madalla. Zauna."

Auta ta zo gaban kujerar. Ta tsaya. Ta duba ta da kyau, ta shafa ta da hannu. Sannan ta zauna a hankali, ta ɗora ƙafarta a kan keken.